Bod Ɗin Alhaji Sale Da Ya Ƙone

Tungan Maje,
Abuja.

Zuwa ga 'yata Talatu, Mamana ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki zaune daram a kujerarki, direbanku mai hankali, tayoyinku lafiya lau. Na ba mahaifiyarki ita na ce ta miƙa miki a tashar Zuba, kada kuma ki buɗe sai mota ta wuce Gwagwalada. Na san halinki sarai. In kika karanta a tasha, saukowa za ki yi mu tsaya musu har motar Legas ta tafi ta bar ki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, da safen nan kika bar shi. Abin da ya sa na ɗauki biro, ni da rabona da doguwar wasiƙa har na manta, magana ce da mahaifiyarki ta tsegunta mini. Ta ce kin gaya mata in kin isa kamfanin nan da ya ɗauke ki aikin gyaran injina, za ki roƙi a mayar da ke sito wajen ajiyar kaya, wai hannunki ba na gyara ba ne. Dalili kuwa, injin yankan ƙarfe na Alhaji Sale mai walda a Dei-Dei, wanda kika gyara a shagona, ya koma wurinsa ya yi kwana biyu bod ɗinsa, wato allon lantarkin da ke cikinsa, ya ƙone ƙurmus. Haba Mamana! Karatun lantarkin da kika yi, da duk hutun da kika ƙarar a kan teburina kina shaƙar hayaƙin dalma, a ce sito? To gyara zama. Zan lissafa miki ɓarnar da ubanki ya tafka a wannan sana'a, in kin gama karantawa sai ki faɗa mini wane ne ya cancanci sito tsakanina da ke.

Kin san ni ɗan manomin doya ne daga Paikon Kore. Shekarun da gwamnati ke kwaso kayanta daga Legas tana dawowa nan, kullum sai mu ga tireloli sun wuce ɗauke da kabad-kabad da tebura, ma'aikata na biye da iyalansu. Kowane gida yana son ƙofar ƙarfe, kowane ofis yana son tankin ruwa, masu walda ba sa ko zama. Na ajiye fartanya na bi wani Bayarabe, Oga Lasisi, wanda shi ma ƙaurar ce ta kawo shi. A wurinsa na fara ganin injin filasma. Ƙato ne kamar firij, ba ya amfani da gas irin wanda muka sani, wuta da iska kawai yake haɗawa ya tsaga faranti mai kauri. Ranar da na fara ganin yana aiki, wallahi har baya na ja ina salati.

Wata damina Oga ya tafi ganin gida, ya bar mini shago da aikin ƙofofi goma sha. Kwana ɗaya da tafiyarsa injin ya fara tsiya. In na danna toci, wato bakin da ke yankan ƙarfen, sai ya yi tartsatsi, ya tofa, ya mutu. Ni kuwa a lokacin na koyi riƙe mitar awon wuta da ƙarfen dalma, kaina ya kumbura, ina jin babu kamata daga Zuba har Suleja. Ban yi wata-wata ba na kwance murfi, na ciro koren allon nan da muke ce wa bod, na shimfiɗa shi a tebur. Kwana uku ina kansa. Na canza abin da ya lalace a ganina, na canza wanda bai lalace ba, na sake dalmar kowace ƙafa. Na mayar, na danna, ya tofa ya mutu kamar jiya.

Da Oga ya dawo ko kallon bod ɗin bai yi ba. Ya saurari ƙarar sau ɗaya, ya zagaya baya wajen kwamfiresa mai ba injin iska, ya tsuguna ya murɗe ɗan famfon da ke ƙasan tankin. Sai ga ruwa jajawur mai tsatsa yana tsiyaya, ya kusa cika bokiti. Ya ɗago ya dube ni da Hausarsa ta 'yan kasuwa, ya ce, "Garba, injin yana ciwon ciki, kai kana yi mata aski." Masu walda na maƙwabta suka kwashe da dariya, kusan shekara guda sunana Wanzami a layin nan.

Don haka, Mamana, duk injin da aka kawo miki aka ce bod ne, ki ce to, amma kada ki taɓa sukudireba tukuna. Ki fara daga waje. Wutar da ke shiga ta cika? Iska tana zuwa da ƙarfi, kuma busasshiya ce? Wayar at, wato wayar ƙasa da ake maƙalawa a jikin ƙarfen da za a yanka, kan ƙarfe tsantsa take ko kan fenti da tsatsa? Bakin toci ya cinye? Sau da yawa a nan za ki tsinci matsalar, ki sallami mutum kafin shayinki ya huce. Bod shi ne na ƙarshe da ake tuhuma, don shi ba ya iya kare kansa, kowa ya ga dama sai ya ɗora masa laifi.

Ɓarna ta biyu, mahaifiyarki ce shaida, in kin kira ta ki tambaye ta, amma ki rage rabin abin da za ta faɗa don tana ƙara gishiri. Lokacin tana kawo abincin sayarwa bakin shagonmu, ni kuma ina ta neman hanyar da za ta san ni ba ƙaramin mutum ba ne. Ran nan ta zo da rana tsaka na buɗe wani inji. Na zare filogi a gabanta, na ɗaga shi sama don ta gani, na naɗe hannun riga, na ce mata, "Kin ga waɗannan wayoyin? Duk Abuja mu biyu muka san kansu, ni da Bature." Na cusa hannu ciki ina kallonta ina murmushi.

Ban san sanda na bar wurin ba. Na dai tsinci kaina zaune cikin tulin yashin maƙwabcinmu mai bulo, takalmi ɗaya a ƙafa, bakina da ɗanɗanon ƙarfe. Ashe manyan kafasitocin nan masu kama da gwangwanin madara suna riƙe wuta a cikinsu ko an zare filogi. Mahaifiyarki ta saki ludayi ta yo kaina da gudu tana salati, da ta ga ina numfashi kuma sai dariya ta kama ta har da riƙe ciki. Ta ce, "Sannu Malam Garba. Shi Baturen ma haka yake tashi sama?" Na ji kunya ranar ba kaɗan ba, amma ban yi asara ba, don daga ranar ta fara ƙara mini nama.

Dariya muke yi yanzu, amma da hannu biyu na sa, da babu ke babu wasiƙar nan. Oga ya ɗaura wa kwan fitila wayoyi biyu ya ba ni, ya ce kafin in taɓa cikin kowane inji in ɗora su a kan kafasita, kwan ya kama ya dushe a hankali, sannan in auna da mita in tabbatar babu saura. Har yau haka nake yi, kin gani da idonki. A Legas za ki haɗu da masu gaggawa da za su ce miki ɓata lokaci ne. Ki bar su da gaggawarsu. Ki cire zobe da awarwaro, ki ɗaure bakin mayafinki, in wuta na jiki ki yi aiki da hannu ɗaya. Kuma don Allah kada ki gyara inji don wani ya gani ya yaba, ni na yi, yashi na ci.

Ta uku ta zo bayan na buɗe shagona a Dei-Dei, lokacin da ƙananan injinan nan da mutum ɗaya ke ɗauka suka fara shigowa. Cikinsu ba kamar na da ba ne, kusan komai a kan bod yake. Aka kawo mini ɗaya, na buɗe, na ga taransistoci huɗu da ke manne da ƙarfen sanyaya sun fashe, baƙi ƙirin. Na ce wannan ai ko makaho ya gani. Na sa sababbi, na kunna. Tau! Hayaƙi. Na ce jabu aka sayar mini, na koma na zazzage wa mai kayan masifa, ya ba ni wasu. Na sa, na kunna. Tau! Sau uku ina wannan wauta, mai injin yana zaune a benci yana kaɗa ƙafa.

Akwai wata mata da ta zo duba ƙofar gidanta a shagon kusa da ni, hayaƙin ya sa ta leƙo. Injiniya Bilkisu ake ce mata, 'yar Katsina, tana cikin ma'aikatan da aka dawo da su daga Legas tun farkon ƙaura. Ta gaishe ni, ta dubi gawarwakin taransisto goma sha shida a kan teburina, ta ce, "Malam, kana ta binne su, ka tambayi abin da ke kashe su kuwa?" Raina ya ɗan sosu, na ce a zuciyata wannan Hajiya da lallenta me ta sani. Ta ce in ara mata mita. Ta tattare hannun rigarta, ta auna ɓangaren da ke lafiya, ta auna ɓangaren da ke fashewa, ƙafa da ƙafa, tana gwada wannan da wancan. Ba ta yi minti goma ba ta nuna mini wani ɗan abu da bai fi ƙwayar shinkafa ba, a kan hanyar da ke ba taransisto umarnin buɗewa da rufewa. A ido lafiyarsa ƙalau, a mita kuwa ya mutu tuni. Na canza shi da ɗan uwansa na kusa, na sa sababbin taransistoci, injin ya tashi yana yanka kamar ba shi ba.

Na bi ta har mota ina godiya, ina jin kaina ƙarami. Ta ce, "Ba komai, Malam Garba, ni ma sai da na fasa nawa kafin na koya." Tun ranar na daina yarda da idona shi kaɗai. Abin da ya fi baƙi a kan bod ba lallai shi ne mai laifi ba, sau da yawa shi aka zalunta. Ki duba, ki shinshina, ki share ƙurar ƙarfen da ke kwanciya tsakanin ƙafafu, ki nemi dalmar da ta tsage, sannan ki auna ɓangare mai lafiya ki gwada da mara lafiya. In za ki kunna bayan gyara, ki bi da wutar ta cikin kwan fitila tukuna, in akwai sauran matsala kwan zai haska ya gaya miki ba tare da wani abu ya fashe ba. Ranar ce kuma na ce in Allah Ya ba ni 'ya mace mai son wannan aiki ba zan hana ta ba. Ko da kika fara rarrafe kina jan wayar mitata, ban yi mamaki ba.

To, Mamana, saura ta huɗu. Ita ce ta sa na yi ta zagaye-zagaye tun farkon takardar nan ina ba ki dariya, don ban san ta inda zan fara ba.

Kin tuna ranar da aka kawo injin Alhaji Sale. Kin yi duk abin da na lissafa a sama ba tare da na ce miki komai ba. Kin duba iska, kin duba toci, kin sauke wutar kafasita, kin gano taransistoci biyu da suka mutu, kin bi baya kin gano ɗan abin da ya kashe su. Ina gefe ina satar kallonki, ina jin daɗi har cikin raina. Sannan kika ce za ki kwance ɗaya gefen ki duba fanka da wayoyin da ke bayan ƙarfen sanyaya. Me na ce miki? Na ce, "Bar wannan gefen, na san injin nan, ni nake gyara shi tun yana sabo. Rufe kawai, Alhaji na jira." Kika dube ni, kika rufe.

Bayan kwana biyu Alhaji ya dawo da shi a bayan a-kori-kura yana wari, yana faɗa tun daga bakin titi. A gaban mutane ya ce, "Malam Garba, ni kai na kawo wa aiki, ka ba yarinya ta koyi hannu da injina! Ga shi nan ta ƙone mini bod." Kika sunkuyar da kai. Ni kuma na ce masa, "Yi haƙuri Alhaji, za a duba." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na ga sanda kika ajiye mitarki a aljihun tebur kika tafi gida, ba ki sake zuwa shago ba.

Washegari na kwance injin ni kaɗai, har gefen da na hana ki buɗewa. Akwai ɗan makunni da ke manne a jikin ƙarfen sanyaya, aikinsa in zafi ya yi yawa ya kashe injin kafin wani abu ya ƙone. Na tarar an cire wayoyinsa biyu an murɗe su wuri guda, an naɗe da jan salatif. Na tsaya ina kallon murɗin nan. Nawa ne, Talatu. Babu mai murɗa waya hagu ya lanƙwasa bakinta haka a duk Dei-Dei sai ni. Sai abin ya dawo mini. Shekara biyu da suka wuce injin yana ta mutuwa da kansa saboda fankarsa ta yi rauni, Alhaji yana da aikin gaggawa, ya tsaya a kaina. Na haɗe wayoyin na ce ya je ya gama, ya dawo da shi jibi in sa sabuwar fanka. Bai dawo ba, ni ma na manta sam. Fankar ta ci gaba da lallaɓawa har ta tsaya cak, injin ya yi ta ɗaukar zafi babu mai tsayar da shi. Gyaranki daidai yake, ko ƙafa ɗaya ba ki kuskure ba. Da na bar ki kin buɗe gefen nan, da kin gani a minti biyu.

Kwana tara ke nan da na sani. Kwana tara ina ganin kina tura abinci gefe, ina shiga ina fita ina cewa gobe zan faɗa mata. Sau biyu na zo har ƙofar ɗakinki, sai in tambaye ki ko kin ga cajata in juya. Mutumin da ya shekara talatin ana ce masa oga, bakinsa nauyi yake yi. Ba hujja ba ce, gaskiyar abin da ya faru ce kawai, kuma na ji kunyar kaina fiye da ranar yashi.

Jiya da hantsi na ɗauki murɗaɗɗiyar wayar da salatif ɗinta na tafi shagon Alhaji. Na jira sai da masu aikinsa suka taru, don a gaban mutane aka zarge ki. Na ajiye ta a kan teburinsa na ce, "Alhaji, ka tuna ranar da na ce ka dawo jibi?" Ya kalle ta, ya dafe hula ya ce, "Innalillahi! Fanka!" Na ce masa aikin 'yata ba shi da aibi, ni na kashe injin tun shekara biyu, ita ta so ta duba na hana ta. Ya ce, "Kai Malam Garba, ashe mu biyu ne tsofaffin banza." Ya ce in gaya miki ya janye maganarsa, kuma in kin zo hutu ke za ki riƙa duba masa injina, ni in riƙa miƙo miki sukudireba. Bod ɗin ina kan sake gina shi, wannan tsakanina da shi ne.

Ga shawarar da ta fito daga wannan, ki riƙe ta fiye da sauran. Kada ki haɗe abin kariya don wani yana gaggawa. In dole ta sa kin yi don gwaji, ki rataya takarda a jikin injin, kuma kada ya bar teburinki a haka. Duk wanda ya ce miki "na san injin nan, rufe kawai," ki ce masa to cikin ladabi, ki buɗe ki duba, ko shugaban kamfanin ne, ko ni ne. In aka ce kin ɓata aiki, kada ki sunkuyar da kai tun ba a kwance injin an gani ba. In kuwa an kwance aka ga ke ce, ki faɗa a ranar, da bakinki, kafin wani ya ɗauki kayanki a kansa.

Ran Litinin in kin shiga kamfanin nan aka tambaye ki inda za ki zauna, ki nuna teburin gyara. Za ki fasa taransisto wata rana, kowa yana fasawa, ki share ki nemi abin da ya kashe shi. Amma wannan da kike ɗauke da shi a zuciya daga Dei-Dei, ki sauke shi tun kafin ku kai Lokoja, ba naki ba ne.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin wuta, Ya haɗa ki da shugabanni masu adalci da abokan aiki na kirki. Ya sa albarka a hannunki da idonki. Ki riƙe sallarki, ki ci abinci, ki kira mahaifiyarki da zarar kun sauka.

Ni ma ki kira ni, in kin huce. Sunan uwata kike ɗauke da shi, ita kuwa ban taɓa yi mata laifi na kwana ban roƙe ta ba, sai ke na bari har kwana tara. Ki yafe mini, Mamana.

Naki,
Babanki Garba.